Sassaƙen Gwandar Inna

Na sha wahala a kan itacen nan, kuma ba irin wahalar da za ka faɗa a tausaya maka ba ce. In ka ce albasa ta ruɓe maka a rudu, rumbun da ake ajiyarta, kowa a Aliero zai ce maka sannu. In ka ce ka bar shukar gero, ruwa ya sauka, kana yawo bisa mashin da ganye cikin leda kana tambayar sunan itace, dariya za a yi maka. An kuwa yi mini ita.

Itacen yana tsakar gidanmu, bayan ɗakin Inna, daidai inda ruwan wanke-wanke ke bi. Bango ya tsare shi ta yamma, itacen dogon yaron maƙwabta ya yi masa inuwa ta gabas. Asalinsa daga yayana ne, Allah shi jiƙan shi. Direba ne, yana kai albasa nesa. Wata tafiya ya kai kaya can gabas, kan duwatsu wajen iyakar Kamaru, inda ya ce mutane na kwana da bargo ko da bazara. Ya dawo da wani ɗan itace cikin hularsa. Bai tambayi sunansa ba, shi dama ba mai tambaya ba ne. Ya ajiye gaban Inna ya fita. Ta ci, ta tofar da ƙwallayen a magudana, ɗaya ya tsiro. Kafin itacen ya fara haihuwa zazzaɓi ya kwantar da yayana, bai tashi ba.

Ɗan itacen kore ne, in ya ƙosa yakan kai babbar albasa. Fatarsa sumul take, sai wasu lotse-lotse kamar an bi ɗanyen yumɓu ana danna babban yatsa. Cikinsa fari fat, laushi kamar kindirmo, ƙwallaye baƙaƙe. Ba ya haihuwa da yawa. Fure zai yi har ka yi murna, sai ka wayi gari ka share shi a ƙasa. Abin da ke tsayawa kaɗan ne, kuma duk na Inna ne. Haƙoranta sun ƙare, idonta ya dushe, tuwo takan ture shi gefe, fura sai an yi ta lallashi. Amma wannan takan cinye shi tas, ta suɗe yatsu. Ko ɗiyana ba na bari su taɓa. A gidanmu ba mu taɓa damuwa da sunansa ba. Gwandar Inna muke cewa, shi ke nan.

Matsalar ta faro ne daga wata maƙwabciya da ciwon ciki ya dami mijinta. Ta shigo gaida Inna, ta ga ganyen, ta ce ashe gwandar daji gare ku cikin gida muna wahalar nema. Ta tsinki ganye ta dafa masa. Ya samu sauƙi. Ko ganyen ne, ko dama kwanansa na gaba, Allah ya sani. Daga nan magana ta bi unguwa. Da farko ganye ake ɗiba, ban ce komai ba, ganye na tohowa. Sai aka koma sassaƙe, ana zuwa da wuƙa, wasu har da gizago, a ɓanɓari ɓawon jikinsa. Daga baya na fara ganin rami a gindinsa, an tono saiwa. Mai sanyi, mai basir, mai jego, har wanda ke son ya ajiye don tsoron maciji.

A wurinmu ba a hana magani. Kana iya hana aron jaki a ce kana da gaskiya. Amma mutum ya yi sallama ya ce marar lafiya gare shi, itacen kuma yana tsaye yana kallonsa, ka ce a'a, ka gama zubar da mutuncin gidanku. Ga shi ba ni ake tambaya ba. Inna ake durƙusa wa, ita kuma amsarta ɗaya ce, a ɗiba.

Rannan na dawo daga gona na tarar ɓawon ya tafi fiye da rabin zagayen gindin, farin icen na waje yana tsatstsafo da ruwa. Reshen da ke ta wannan gefen ganyensa ya fara rawaya. Raina ya ɓaci. Na durƙusa bakin tabarmarta na ce, "Inna, kashe itacen ga za a yi. Kuma wanga ba gwandar daji ba ne."

Ta ce, "To mi ne ne, Auta?"

Har yanzu da furfurata Auta take ce mini.

Ta ce, "Ba ka san sunanai ba, amma ka san abin da ba shi ne ba. To madalla."

Wannan maganar ce ta tayar da ni. Na ɗauka in na samo sunansa na gaskiya, na kawo mata, na kuma faɗa wa mutane, zan iya tsayawa bakin ƙofa in ce ku yi haƙuri, ba shi ne kuke nema ba, ba tare da an ce na yi rowa ba. Na tsinki ganye, na ɗebi busassun ƙwallaye na bara. Na tsaya na daɗe gaban 'ya'yan, lokacin ba su wuce lemun tsami ba, kafin na iya cire ɗaya. Na ji kamar daga bakin Inna na cire shi.

Jega na fara zuwa, ranar kasuwa, wajen masu kayan marmari. Na farkon ya juya ɗan a hannu ya ce fasadabur ne. Na kusa da shi ya fizge ya ce, "Kai, fasadabur da kai ka taɓa gani sumul haka? Fasadabur ƙuraje gare shi kamar bayan kada." Suka kama musu a kaina, suka manta da ni. Wani dattijo mai saida goro ya leƙo ya ce gwandar Masar ce. Aka tambaye shi ya taɓa ganin gwandar Masar, ya ce a'a, amma duk abin da ba a sani ba daga Masar yake. Aka yi dariya. Na farkon ya ce mini, "Malam, in daɗi gare shi ka ci ka yi shiru mana. Aure za ka ɗaura mishi da kaka neman asalinai?"

Suka tura ni wajen mai maganin gargajiya a layin baya. Ya murza ganyen ya shinshina, ya lumshe ido, ya ce gwandar daji ce amma ta gida, ita ce ma ta fi ƙarfi. Sannan ya matso ya rage murya ya ce, "Ina ne gidan naka? Saiwar nika so." Na ce masa nesa ne. Na tattara ledata na bar wurin.

Na koma gida ba suna, ga man mashin ya tafi. Matata ce ta ce akwai wani malamin gona a sakatariyar Maiyama, ɗan uwan mijin ƙanwarta, an ce ya san itatuwa, shi ke kula da wurin renon dashe. Na ce na gaji. Ta ce, "To zauna, gobe ka ga an zo da gatari." Maƙwabtan gonata a lokacin duk sun yi shuka, tawa ce kawai ke kwance kamar ta marayu. Na dai sake hawa mashin.

Na yi zaman benci a Maiyama har rigata ta jiƙe. Da malamin gonar ya zo, mutum ne kamar sa'ana, ba shi da girman kai. Ɗan itacen kuwa zafi ya riga ya dafa shi cikin leda, ya yi baƙi ta gefe guda. Ya shafa bayan ganyen ya ce in ji laushin gashin da ke jiki. Ya ɗauki hoton ganyen da waya, wayar ta ba shi suna. Ya ɗauki hoton ɗan, ta ba shi wani sunan daban. Ya yi dariya ya ajiye ta.

Ya ce dangi ɗaya ne da gwandar daji da fasadabur, amma ba ko ɗayansu ba ne. Ya ce akwai wanda ake kira carimoya, itacen ƙasar tuddai mai sanyi, akwai kuma wanda aka haɗa shi da fasadabur don ya jure zafi. Nawa ɗaya ne daga cikinsu, ya fi zaton na biyun, don na farkon da wuya ya rayu a zafinmu. Ya ce zubar furen ma zafin ne. Na ce to wane iri ne a cikinsu, tunda ko albasa kowace da sunanta. Ya ce masu noma shi suna dubawa ta fata, akwai mai sumul, akwai mai lotsin yatsa irin nawa, akwai mai tsini-tsini, kuma kowane kashi da iri-iri a ƙarƙashinsa. Sai ya tambaye ni, dashe aka kawo ko ƙwallo ne ya tsiro.

Na ce ƙwallo, tsohuwa ce ta tofar.

Ya ce, "To ka san mangwaro. Ɗan aure shi ne mai suna, don reshen uwarsa aka ɗora. Wanda ya tsiro daga ƙwallo, ko daga wane mangwaro ya fito, shi kansa ne kawai. Naka ma haka. Ko uwarsa na da suna, shi ba ya da shi. Duk duniya babu irinsa sak sai wannan na gidanka."

Ban ji daɗin maganar ba. Na yi tafiya don in samo suna, an ce mini babu. Na ba shi labarin sassaƙen. Nan fuskarsa ta canza. Ya fito da ni waje gindin wani dogon yaro ya ce in nuna masa iya inda aka ɓare. Na zagaya da yatsa. Ya ce abincin itace ta cikin ɓawon nan yake bi, ranar da yankan ya zagaye ya haɗe, itacen ya mutu, ko da ganyensa na kore a ranar. Ya ce in rufe ciwon, in mayar da ƙasa ramin, kada a ƙara taɓa shi. Ya kuma ce bai san abin da saiwarsa ke yi a cikin mutum ba, ƙwallon dai guba ne, kada a kuskura a daka wa kowa.

Na yi godiya. A hanya ina ta maimaita carimoya a bakina, ina jin yadda zai fito gaban Inna. Na san ba zai yi nauyin komai ba. Sai na tuna da wani Bafillace a wajen Kuberi, wanda ke sauka a gonata da rani shanunsa su ci kara su bar mini taki. Na ce bari in samo gwandar dajin ta gaskiya, in haɗa mata su biyu a hannu.

Na same shi ya dawo da shanu daga mashaya. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni ya riƙe baki, ya kira ni da sunan da suke kiranmu mu Hausawa. "Kaɗo, kowa na shuka kai kana kiwon ganye? Gero ya yi maka laifi?"

Na ce, "Kai da ba ka taɓa riƙe hauya ba, mi ka sani ga shuka? Nuna min abin da na zo nema."

Ba mu yi nisa da ruga ba ya nuna ta da sanda. Ga ta nan birjik a wata tsohuwar saura, gonar da aka daina nomawa, gajeru, da yawansu ba su kai ƙirjina ba. Ganyenta ya fi nawa faɗi da kauri, launinsa ya ja toka. 'Ya'yanta sun nuna, ƙanana kamar ƙwan kaza, ruwan ɗorawa ciki da waje. Na ci ɗaya, ƙamshi ya cika mini baki, amma duk ƙwallo ne. Rabona da ita tun ina yaro, don a wajenmu noman albasa ya cinye dajin. Shi ya sa mutane suka manta kamarta, suka ga mai kama da ita a gidanmu suka rufa mata. Ya karya mini reshe mai 'ya'ya, ya tono mini saiwa da ɗan dama, ya sassaƙo ɓawo. Ya ce ita ko an sare ta tohowa take yi daga ƙasa, ba ta jin komai. Ya ce in dawo da damina ta zauna in haƙi ƙanana, in ina son dashe.

Bayan la'asar na iso gida. Kafin in jingine mashin na ga sabon yanka. Matata ta ce wani ne daga cikin masu sallah a masallacinmu, ɗiyarsa ba lafiya. Ɓawon da ya rage bai wuce faɗin tafin hannuna ba. Na je na zauna gaban Inna, na sa mata ganyen gidanmu a hannun dama, reshen Kuberi a hagu.

Ta shafa reshen, yatsunta suka faɗa kan ɗan. Ta kai hanci. Sai ta yi murmushi, abin da na daɗe ban gani ba. Ta ce, "Gwandar daji. Ina kas samo ta? Muna 'yan mata a Birnin Malam, in mun tahi itace, ita muka ci har cikinmu shi yi ciwo."

Na ce, "To kin gani, Inna. Ba ɗaya suke ba."

Ta ce, "Wa yac ce ɗaya suke?"

Na ce, "Ke kika cewa a ɗiba."

Ta ce, "Auta, ni da nig girma cikinta za ka koya wa gwandar daji? Tun ran da yarinyar ga taz zo don mijinta nac ce mata ba ita ba ce. Tac ce, haba Inna, ganye ɗai ne fa. Rowa tad ɗauka. Na biyu ma hakanan. Sai nab bari."

Na ji duk gajiyar kwanakin nan ta sauko mini a kafaɗa. Jega, Maiyama, Kuberi, gonata a kwance. Na ce, "To don mi kika bar ni ina yawo? Kuma in ya mutu mi za ki ci? Tuwo ba ki so, hura ba ki so."

Ta juya ɗan gwandar a hannu. Can ta ce, ba ta fuskance ni ba, "Kowa yaz zo, in zai tashi, sai ya ce Allah shi jiƙan mai mota da yak kawo shi."

Yayana take nufi.

Yayana ɗan fari ne. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, mai mota take cewa, da can kuma kafin ya fara tuƙi, wancan yaron. Ba ta taɓa yi masa wasa gaban mutane ba. Ranar da ya rasu mata na kuka, ita tana zaune tana amsa gaisuwa kamar ɗan maƙwabta ne ya tafi. Haka aka raine su, kunyar ɗan fari, ba a nuna so ba a nuna rashi. Mu kuma muka ɗauka ta haƙura, muka daina ambatonsa a gabanta don kada mu tayar mata. Shekaru suna ta wucewa gidan shiru a kansa. Sai masu neman magani suka zo suna yi masa addu'a a kunnenta, ba ita ta roƙa ba, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya. Ita ta san abin da take bayarwa. Ni ne ban san abin da take karɓa ba.

Na so in ce mata malamin gona ya ce duk duniya babu irinsa sai wannan. Na ga ba amfani. Na dai ce mata ya ce kada a ƙara ba kowa saiwarsa, ba a san abin da take yi a ciki ba. Ta ce to. Ba ta ce za ta hana ba, na kuma san ba za ta iya ba. Ta ɓare ɗan gwandar dajin da farce, ta tsotsa, ta tofar da ƙwallayen a tafin hannu ta riƙe.

Ban sani ba ko faɗin tafin hannu na ɓawo zai riƙe itace. Malamin gona bai yi mini alkawari ba.

Washegari da na dawo daga sallar asuba na kwaɓa laka da kashin shanu, na shafe ciwon tun daga ƙasa har inda yankan ya tsaya, na naɗe da tsohon buhun albasa. Na mayar da ƙasa ramin saiwa na taka. Na saro ƙayar magarya na kewaye gindin. Na zuba saiwa da sassaƙen Kuberi cikin babban kwano, na ajiye a inuwar itacen, daga wajen ƙayar, na ɗauko tabarmar Inna daga ƙofar ɗakinta na shimfiɗa kusa da kwanon, yadda duk mai neman magani sai ya durƙusa ƙarƙashin itacen kafin ya karɓa. Na san abin da ke cikin kwanon ba zai daɗe ba. Matata ta fito da irin gero a ƙwarya ta miƙo mini. Na ce ta ajiye tukuna. Na ɗaure dagi da buhu biyu a bayan mashin, na kama hanyar Kuberi in ƙaro saiwa da sassaƙe.